Yadda Za Ka Sa Kwamfuta Ta Rubuta Abin da Ka Faɗa, Mataki-mataki

Tun da lokacin rubuta memuwar ya kama, da wuya mako ya wuce ban samu mai yi mini wannan tambaya ba. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ne suka fi yawa, sai sakatarorin biro da ƴan jaridar gidajen rediyo na nan Damagaram. "Malam, wai da gaske ne mutum zai yi magana kwamfuta ta rubuta?" Da gaske ne. Amma na ga mutane da dama sun ƙone forfe ɗinsu a banza, saboda ba wanda ya gaya musu cewa harshen da za a yi magana da shi ne ke zaɓar kayan aiki. Faransanci da ƙofarsa, Hausa da tata.

Aiki biyu ne a nan, kada a gwama su. Na farko shifta, wato dikte irin wadda muka yi a lakwal: kana faɗa ana rubutawa nan take. Na biyu shi ne ka riga ka naɗi murya, hira ko taro ko darasi, kana son a mayar maka da ita rubutu.

Mataki na 1: Duba irin Word ɗin da ke gabanka

Buɗe Word, ka latsa Fichier, sannan Compte. A gefen dama za ka ga sunan abin da aka sa maka. In an rubuta Microsoft 365, kana da maɓallin Dicter a ƙarshen layin Accueil, mai hoton makirfo. In kuwa Office 2016 ne ko 2019 ko 2021, wannan maɓalli babu shi, kuma ba wani saiti da za ka taɓa ya fito. Yawancin kwamfutocin da ake saye na hannu a garin nan irin waɗannan ke kansu.

Microsoft 365 haya ce ake biya. A farashin Faransa na 2025, na mutum ɗaya yuro 99 ne a shekara. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ka ga kuɗin ya doshi jaka 65. Ga ɗalibin da zai yi memuwar ɗaya ya gama, ban ga dalilin wannan kashin kuɗi ba, tunda mataki na 4 da na 5 kyauta ne. Mai shagon buga takardu da ɗan jaridar da ke kwafe hira kullum, su kam kuɗinsu zai fito.

Hattara: kada ka biya wanda ya ce zai "buɗe maka" Dicter a kan Word ɗin da ba na haya ba. Ba a cikin kwamfutarka ake sarrafa muryar ba, tura ta ake yi ta intanet zuwa na'urorin Microsoft, su kuma sai sun ga asusun da aka biya wa haya.

Mataki na 2: Tanadi makirfo, wuri da rezo

Makirfon da ke jikin kwamfuta yana ɗaukar komai: kukan fanka, ƙarar gurup ɗin maƙwabta, kabu-kabun da ke wucewa a titi. Ekutar ta salula mai igiya, wadda ke da ɗan makirfo a jikin wayarta, ta fi shi nesa ba kusa ba, kuma ana samunta a Kasuwar Dole da wajen duk mai sayar da kayan salula. Ka sa makirfon kamar taƙi ɗaya daga bakinka, a ɗan gefe, don kada numfashi ya riƙa bugunsa.

Fanka ita ce babbar matsala, kuma na san abin da nake faɗa: kashe fanka a watan Afrilu a Zinder ba ƙaramar jarrabawa ba ce. In ba za ka iya ba, juya ta ta daina hura fuskarka kai tsaye. Ni dai da sassafe nake yin shifta, bayan sallar asuba, gari shiru, da sauran sanyi, rezo ma bai cika cunkushewa ba.

Duk hanyoyin mayar da murya rubutu da zan kawo suna bukatar intanet. Ko Airtel kake da shi, ko Moov Africa, ko Zamani, ko Niger Telecom, abin da ake nema rezo mai tsayawa wuri ɗaya, ba lallai mai gudu ba. In yana yankewa, kalmomi za su riƙa ɓacewa a tsakiyar jimla ba tare da an sanar da kai ba.

Sai ka ba da izinin makirfo. A Windows shiga Paramètres, sai Confidentialité, sai Microphone, ka tabbatar a kunne yake. In ta Chrome ko Edge kake aiki, za a tambaye ka karo na farko, ka latsa Autoriser. Wanda ya latsa Bloquer bisa kuskure sai ya taɓa ɗan alamar da ke hagun adireshin shafi ya sauya.

Hattara: kwamfutar tebur da ba ta da batir, in NIGELEC ta ɗauke kuran, duk abin da ba a adana ba ya tafi. Latsa Ctrl da S bayan kowane sakin layi, ya zame maka jiki.

Mataki na 3: Shifta da Faransanci a cikin Word

Sa alamar rubutu inda kake son magana ta fara, ka latsa Dicter. Wani ɗan akwati zai fito. Kafin ka ce uffan, latsa alamar saiti da ke jikinsa ka duba abu uku: harshe ya zama Faransancin Faransa, makirfon da aka zaɓa ya zama na ekutar ɗinka, sannan ka yanke shawara kan sa alamomin rubutu kai tsaye. Ni a kashe nake barin wannan, domin duk inda na tsaya yin tunani sai ta dasa mini aya. Gara in faɗe su da bakina: "point" aya ke nan, "virgule" waƙafi, "point d'interrogation" alamar tambaya, "deux points" ruwa biyu, "nouvelle ligne" kuma a sauka sabon layi.

Jira makirfon ya nuna yana saurare, sannan ka fara. Kuskuren da kowa ke yi a ranar farko shi ne faɗin kalmomi ɗaiɗai, kamar malamin firamare gaban ƴan aji ɗaya. Na'urar da maƙwabtan kalma take gane kalma. "Vert" da "verre" da "vers" duk sauti ɗaya ne a kunne, sai cikakkiyar jimla ce ke nuna wanne ake nufi. Don haka ka shirya jimlar a ranka, ka faɗe ta gaba ɗaya da muryar da kake hira da ita, ka huta, ka ɗauko ta gaba.

In ta yi kuskure kada ka tsaya. Ci gaba har ƙarshen sakin layi, ka kashe makirfo, ka gyara da hannu. Mai tsayawa kan kowace kalma zai tarar bugawa da yatsu ta fi masa sauri.

Hattara: sunayenmu ba ta san su ba. Mirriah, Magaria, Tanout, Kantché, Damagaram Takaya, sunayen mutane da na unguwanni irin su Birni da Zango, duk za ta iya mayar da su wata kalmar Faransanci mai kama da su. Dabarata ita ce, in suna zai maimaitu da yawa, sai in zaɓi wata kalma mai sauƙi wadda ba za ta fito a rubutun ba, misali "ananas", in riƙa faɗinta a madadinsa. In na gama sai Ctrl da H, in musanya ta da sunan gaskiya a bugu ɗaya.

Mataki na 4: In ba ka da Microsoft 365

Hanya biyu ce, duk ba a biyan ko dala. A Windows 10 da 11, sa alamar rubutu a cikin takardarka, ka danne maɓallin Windows tare da H. Makirfo zai fito ya riƙa rubutawa a duk inda ake iya rubutu, har da tsohon Word. Harshen allon rubutun da ke kunne yake bi, don haka duba ƙasan allo ta dama ka ga FRA ne.

Ta biyu Google Docs. Buɗe shi a Chrome da asusun Gmail, ka shiga Outils, ka zaɓi Saisie vocale, ko ka danne Ctrl da Maj (wato Shift) da S. Zaɓi harshe a saman hoton makirfon. In ka gama sai Fichier, Télécharger, ka sauke shi a matsayin takardar Word.

Mataki na 5: Shifta da Hausa

Nan ne aka fi shan wahala. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, masu son rubuta ta kuma sai ƙaruwa suke. Amma in ka buɗe jerin harsunan Dicter, za ka ga Faransanci, Ingilishi, Larabci da sauransu, ba za ka ga Hausa ba. In ka yi mata Hausa alhali tana kan Faransanci, shirme za ta zubo maka mai kama da Faransanci.

Mafita tana cikin aljihunka. A watan Oktoba na 2024 Google ya sanar da ƙara harsunan Afirka 15 a ayyukansa na murya, ciki har da Hausa a allon rubutu na Gboard. Ga yadda ake yi a salular Android.

Sauke Gboard daga Play Store, in kuma yana nan ka sabunta shi, tare da manhajar Google ita kanta. Wasu salulolin Tecno da Itel da Infinix da wani allon rubutu suke zuwa, sai ka shiga saitin salula ka mayar da Gboard shi ne na kullum. A saitin Gboard shiga Langues, ka ƙara Hausa. Buɗe Google Docs ko Word na salula, ka fara sabuwar takarda. In allon rubutu ya fito, danne dogon maɓallin tazara ka zaɓi Hausa, sannan ka taɓa makirfon da ke saman allon rubutun ta dama.

Hattara: a Word na salula makirfo biyu za ka iya gani. Ɗaya na Word ne, shi ne wanda bai jin Hausa. Na jikin allon rubutu kake so.

Abin da na lura da shi a aikina: ta fi jin daidaitacciyar Hausa irin ta labaran rediyo. Mu nan mukan ce "tahi" inda ɗan Kano zai ce "tafi", kuma maganarmu cike take da kalmomin da muka aro daga Faransanci, kuran, lakwal, lopital, rezo. A irin waɗannan wurare take yawan tuntuɓe. Ban ce ka watsar da Damagarancinka ba, Allah ya sawwaƙe. Ka faɗa mata yadda za ta ji, in ka zo gyara ka mayar da kalmarka yadda kake so a karanta ta. Aya da waƙafi kuwa da hannu za ka sa su. Ka yi jimla biyu ko uku, ka duba, ka ci gaba, domin makirfon yakan kashe kansa in ka yi shiru, ka yi ta zuba ba wanda ke rubutawa.

Tunda takardar tana kan asusunka, in ka buɗe ta a kwamfuta za ka tarar da ita. A can ake gyara, allo babba ya fi nuna kuskure.

Mataki na 6: Naɗar hira yadda za ta kwafu

Rabin aikin kwafe sauti a ranar naɗa ake gama shi. Wata ɗaliba ta zo mini da hirar kusan awa guda da ta yi da mata masu sana'a, ta aje salular a tabarma kusa da fanka. Ni da kunnena ma da ƙyar na tsinci rabin maganar, balle na'ura. Sai da ta koma ta sake roƙon matan. Abin ya tsaya mini a rai, don minti ɗaya na gwaji da ya raba ta da wannan wahala.

Saboda haka: naɗi daƙiƙa talatin, ka saurara, sannan a fara hira. Aje salula kusa da bakin mai magana, ba kusa da kai mai tambaya ba. Sa ta a yanayin jirgi kada kira ya katse naɗin. In taro ne, roƙi jama'a su riƙa magana ɗaya bayan ɗaya.

Duba kuma irin fayil ɗin da salular ke fitarwa. Wajen kwafe sauti, wanda za mu zo gare shi a mataki na 8, Word yana karɓar mp3, m4a, mp4 da wav. Na wav yana da nauyi, minti ɗaya na iya cin mega 10, shi kuwa mp3 na yau da kullum kamar mega 1 ne a minti. Hirar awa guda ke nan mega 600 a wav, mega 60 a mp3, kuma daga forfe ɗinka za a cire.

Hattara: nemi izinin mutum kafin ka naɗi muryarsa, ka kuma gaya masa cewa za a ɗora ta a intanet don a rubuta. Murya amana ce. Ƙasar nan tana da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, amma ko ba hukuma, maganar rashin lafiya ko ta shari'a ko sirrin gida ba abin ɗorawa ba ce ba da sanin mai ita ba.

Mataki na 7: Saƙon murya na WhatsApp

Da yawa ta WhatsApp ake turo musu hira. Waɗannan saƙonni opus ne, Word ba ya karɓarsu sai an juya. Tura fayil ɗin zuwa kwamfuta, ka buɗe VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, ka danne Ctrl da R, ka ƙara fayil ɗin, ka latsa Convertir, ka zaɓi Audio - MP3, ka ba shi suna da wurin ajiya. Shi ke nan, kuma wannan ba ya cin intanet.

Mataki na 8: Kwafe sautin Faransanci da Transcrire

Wannan sai mai Microsoft 365. Ya fara fitowa a Word na intanet a 2020, kuma har yanzu a can na fi jin daɗinsa. Buɗe sabuwar takarda, ka latsa ƴar kibiyar da ke jikin Dicter, ka zaɓi Transcrire. Fili zai buɗe a dama. Zaɓi harshen da aka yi hirar da shi tukuna, sannan ka ɗora fayil ɗin. Bar filin a buɗe har ya gama, kada ka rufe shafin ko murfin kwamfuta.

In ya gama za ka ga hirar gunduwa-gunduwa, kowace da lokacinta da lambar mai magana. Taɓa lokacin, sautin wurin zai kunna, kana ji kana dubawa. Alamar fensir ita ce ta gyara. In ka sauya lambar mai magana zuwa sunansa, akwai ɗan akwatin da za ka yi wa maki ya sauya ko'ina. Alamar ƙari tana sa gunduwa ɗaya cikin takarda, maɓallin ƙasa kuma yana zuba duka, ko rubutu zalla, ko da sunaye, ko da lokuta. Mai memuwar ya zuba da sunaye da lokuta, domin ranar da malami ya tambayi inda aka faɗi magana, ya san mintin da zai koma.

Hattara uku a nan. Minti 300 ake ba ka na ɗora sauti a wata, awa biyar ke nan, kada ka ɓata su wajen gwaji da dogon fayil. Takarda ɗaya kwafi ɗaya take riƙewa, in ka fara sabo a cikinta na farkon zai fita daga filin, don haka kowace hira da takardarta. Sannan sautin yana zama a OneDrive ɗinka, wato ma'ajiyar Microsoft ta intanet, cikin jakar da aka ware wa fayilolin da aka kwafe. In aikin ya ƙare kuma maganar ta sirri ce, shiga ka goge.

Hirar da aka cakuɗa Faransanci da Hausa, kamar yadda muke yi a kowane taro, harshe ɗaya kawai za ta bi. Wuraren Hausar ko ta tsallake ko ta cika su da abin da ba a faɗa ba, kuma wannan na biyun ya fi haɗari, don a ido jimla ce lafiyayya.

Mataki na 9: Kwafe sautin Hausa

Mutane sukan kunna sautin a salula ɗaya su kanga wa makirfon wata. Na gwada, ban ga amfaninsa ba sai in mutum ɗaya ne ke magana a tsanake a wuri shiru. Abin da ke yi mini aiki shi ne maimaitawa. Kunna sautin a kwamfuta da VLC, ekutar a kunne. Saurari jimla ɗaya, ka tsayar da maɓallin tazara, ka maimaita ta da bakinka cikin makirfon Gboard a salula. In wani abu ya kuɓuce maka, Maj da kibiyar hagu na mayar da kai baya daƙiƙa uku. Mai saurin baki kuma a rage masa gudu a Lecture, sai Vitesse.

Hattara: abin da ya faɗa za ka maimaita, ba abin da kake ganin ya kamata ya faɗa ba. Baki yakan gyara wa mutum magana ba da saninka ba, tsohuwa ta yi karin magana kai kuma ka mayar da ita bayani. Inda ba ka ji ba, rubuta "ba a ji ba" tare da mintin.

Mataki na 10: Gyara

Fara da lambobi, domin su ne kuskurensu ba ya nuna kansa. Mu da dala da jaka muke lissafi. In ɗan kasuwa ya ce "dala ashirin", sefa 100 yake nufi, in ya ce "jaka biyu", 2000. Na'ura abin da ta ji za ta rubuta, mai karatun da ba ɗan ƙasa ba kuma ya ɗauka 20 ne. Yanke tun farko ko da dala za ka rubuta ko da sefa, ka tsaya a kai. Kwanan wata da shekaru da kowane suna, sai ka koma ga sautin ka tabbatar.

Sai haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Wani lokaci za ka tarar an sa su, wani lokaci babu. A Gboard na Hausa suna nan, in ka danne b ko d ko k ko y ka riƙe. A Word na kwamfuta buga 0253 don ɓ, 0257 don ɗ, 0199 don ƙ, 01B4 don ƴ, sannan nan take ka danne Alt da X, a wasu Word na Faransanci kuma Alt da C. Ka yi haka a wurin da ba harafi manne kafin lambar, domin in a ko b ko c ko d ko e ko f na manne da ita, Word zai haɗa su cikin lissafin ya fito da wani abu dabam. Mafi sauƙi, fito da huɗun sau ɗaya a saman takarda ka riƙa kwafa.

Ctrl da H yana taimakawa a kalmomin da ba su da tagwaye, kamar "kofa" zuwa "ƙofa" ko "hudu" zuwa "huɗu". Amma kada ka kuskura ka latsa Remplacer tout a kan kasa da ƙasa, baki da baƙi, kara da ƙara, bata da ɓata. Waɗannan ɗaya bayan ɗaya ake binsu da Suivant, ana duba jimla. Na taɓa mayar da bakin kasuwa baƙin kasuwa a takarda guda, sai da mai aikin ya dawo mini da ita.

Jan layin da Word zai zuba ƙarƙashin kowace kalmar Hausa, kawar da shi: Ctrl da A, sai Révision, Langue, ka sa maki a akwatin da ke cewa kada a duba rubutu. Wannan bai hana gyaran kai-tsaye taɓa maka kalma ba, don haka in ka ga yana sauya abin da ka buga, shiga Fichier, Options, Vérification, ka kashe shi.

Daga nan ka karanta takardar da ƙarfi tun daga farko, in kwafin hira ce kana jin sautin a kunne ɗaya. Adana ta da suna mai kwanan wata, ka sa kwafi ɗaya a kilen USB, sautin asali kuma ka bar shi a ajiye har ranar da aka karɓi aikin.